Abin Da Ke Cikin Baƙar Leda

Tun daga yadda Gudrun ta dire tiren kifi a kan tebur Torunn ta san yau akwai magana. Matar da kullum sai ta cika mata faranti har ta ce ya isa, yau ko kallon inda take ba ta yi ba.

Su huɗu ne a teburin. Gudrun da mijinta Oddvar, da ɗansu Halvard, sai ita Torunn, wadda zoben Halvard ya yi wata biyu a hannunta na dama. Ƙarfe biyu na rana ne kacal amma an kunna fitilu, don Nuwamba ta yi nisa, rana ta fara yi wa wannan tsibiri nasu na can ƙuryar arewacin duniya rowa.

Oddvar ya kai cokali zai ɗebo dankali. Cokalin ya karkace, ya suɓuce, ya faɗi ƙasa. Mutumin da ya shekara arba'in yana jan koma a teku, yau cokali ya gagare shi.

"Ku bar shi nan, kyanwa ma ta ci rabonta," ya ce yana dariya.

Ba wanda ya taya shi.

"Kin gani ko?" Gudrun ta ce, sai yanzu ta ɗago ta dube ta. "Wata goma sha ɗaya kuna ɗura masa abin nan a jijiya. Wata goma sha ɗaya, Torunn. To yau ina so ki gaya mini, magani kuke ba mijina ko ruwan gishiri?"

Torunn ta riƙe fuskarta, ko gezau.

Ita nas ce, sai dai ba ta ɗakin kwanciya ba. Shekararta shida a sashen gwajin sababbin magunguna na asibitin garin Harstad. A gwajin da Oddvar ya shiga, na ciwon nan mai cinye jijiyoyin hannu da ƙafa a hankali, mutum goma sha takwas ne a wajensu. Rabi ana ba su sabon maganin, rabi ruwan gishiri zalla, kuma kwamfuta ce ke zaɓa. Likita bai sani ba. Majiyyaci bai sani ba. Ragna, nas ɗin da ke huda jijiya, ita ma ba ta sani ba. Mutum ɗaya ce ke sani, wadda ke shiga ƙaramin ɗaki ta murza makulli, ta haɗa ledar ƙarin ruwan, ta zura mata baƙar riga har kan robar da ruwan ke bi, don launin maganin ruwan ɗorawa ne, ido zai iya ganewa.

Torunn ce wannan mutum ɗayar.

Wata uku na farko ita ta riƙa haɗa ledar Oddvar, lokacin Halvard bai wuce wani dogon mutum mai warin man jirgi da ke zama a baranda yana jiran babansa ba. Ranar da ta gane zuciyarta ta tafi, da ƙafarta ta je ofis ta kai ƙarar kanta. Aka cire hannunta daga fayil ɗin tsohon, aka ba wata nas daban haɗa ledarsa. To an cire hannu, amma wa zai shiga kanta ya cire abin da ta riga ta sani?

Ruwan gishiri ne. Tun ranar farko.

"Gudrun, kin san ba zan iya faɗa ba," ta ce a hankali.

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Mama, don Allah," Halvard ya ce.

"Rufe mini baki, ba da kai nake ba."

Ta miƙe ta jawo wata takarda daga bayan tukunyar kofi, ta shimfiɗa ta a gaban Torunn tana dannawa da tafin hannu.

"Karanta. Daga Sweden ta zo. Suna da wani gwajin, kuma can ba ruwansu da ruwan gishiri, kowa magani ake ba shi. Gurbi ɗaya ya rage, sun ba mu zuwa Juma'a ƙarfe goma sha biyu. Amma sai ya fita daga naku. In na gaske kuke ba shi, ba zan cire shi ba. In ruwa ne, gobe zan haɗa masa kaya. Kalma ɗaya nake nema, 'yar nan. Ɗaya tak."

"Oddvar yana da ikon fita duk ranar da ya so, ba sai ya ba da dalili ba. Ku zauna da likita Sverre, zai yi muku bayanin duka biyun."

"Ji ta! Sai ka ce rediyo aka kunna."

"Gudrun, ki ƙyale yarinyar nan ta ci abinci," Oddvar ya ce. "Ita ta karanta mini takardar tun farko, shafi goma sha huɗu, har na yi gyangyaɗi ta tashe ni. Na ji, na sa hannu."

"Da wane hannun? Wanda yanzu ba ya riƙe cokali?"

Hawaye ya zubo wa Gudrun, ba ta ko share ba.

"Na saƙa miki suwaita da hannuna. Na ciro mayafin da na yi aure da shi na wanke miki. Ashe kina zaune a teburina, kina cin kifin gidan nan, kina kallon mijina yana ƙarewa, amsar tana bakinki. To ki ji da kyau. Matar da za ta iya wannan, ba za ta shigo gidan nan da sunan matar ɗana ba, ina raye."

Allah ya sani Torunn ta so ta fashe da kuka. Amma ido shida ne a kanta, kowane yana karanta fuskarta. In ta yi kuka, ta faɗa. In ta yi murmushi, ta yi ƙarya. Sai ta ɗauko fuskar aiki, wadda shekara shida suka koya mata, ta ɗora. Ta yi godiyar abinci, ta ɗauki rigar sanyinta.

*

Halvard ya rako ta bakin ruwa. Jirgin ƙarfe uku da rabi bai iso ba, iska kuwa kamar ta yanke kunne. Suka tsaya a jikin rumfar jira, shi hannu a aljihu, ita tana kallon ruwa.

"Kin san Mama, bakinta ya fi zuciyarta zafi."

"Na sani."

"Amma tana da gaskiya, Torunn."

Ta juyo ta dube shi. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ba sai kin yi magana ba," ya ce da sauri, ya kamo hannayenta biyu. "Na yi tunani. Zan tambaye ki, in ruwa ne ki matse hannuna kawai. Ba ki ce komai ba ke nan. Ko a gaban alƙali za ki rantse ba ki faɗa ba."

Ta zare hannayenta ta cusa a aljihu.

"Haba Halvard. Kai ma?"

"Babana ne!"

"Na san babanka ne. Ita ma matar da ke zuwa daga bayan dutse da keken guragu uwar wasu ce. Su goma sha takwas ne. Wata goma sha ɗaya suna zuwa ana huda su, ana auna numfashinsu, wasu ƙarfe biyar na asuba suke baro gida. In magana ɗaya ta fita daga bakina, duk abin da aka tara a asibitinmu za a iya zubar da shi, wahalarsu ta tashi a banza. Kuma ka saurare ni, ba wanda ya san ko maganin nan yana aiki. Ba wanda ya san ko na Sweden ɗin yana aiki. Don a sani ne ake duk wannan."

"Kullum su, su, su. Ni fa?"

"Kai ne na je ofis na tsaya a gaban mutum uku ina jin kunya na ce ina so."

Ya juya mata baya, kafaɗunsa suna rawa. Namiji ƙato, mai ɗaga injin jirgi da hannu, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ita kuwa tana tsaye ƙiƙam, tana cizon cikin kumatunta har ta ji ɗanɗanon jini.

"Jiya na same shi a rumfar jirgi," ya ce. "Yana ƙoƙarin ƙulla igiya, ƙullin da shi ya koya mini ina ɗan shekara biyar. Ya yi sau bakwai ya kasa. Da ya gan ni sai ya ce wai igiyar ce ta jiƙe. Torunn, in kina sona, ki tausaya mana."

"Ina sonka. Ba zan faɗa ba."

"Ko hawaye ba za ki yi ba?"

Ta mayar da idonta kan ruwa.

Jirgi ya yi ƙugi, ya fara matsowa. Halvard ya goge fuskarsa da hannun riga, ya miƙo mata tafin hannunsa a buɗe, kansa a ƙasa.

"Mama ta ce kada in dawo ba tare da shi ba."

Zoben ya ɗan yi gardama a gaɓar yatsa. Ta murza ya fita, ta sa masa. Ta hau jirgi ba ta waiwayo ba, don ta san har bayanta zai karanta. Sai da ta shiga bayin jirgin ta danna sakata, sannan ta durƙusa ta yi kukan da take riƙewa tun kan tebur.

*

Litinin, Talata, Laraba, wayarta ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya.

Da safe ta shiga ƙaramin ɗakinta, ta murza makulli, ta buɗe firiji, ta haɗa ledoji. Wannan magani, wannan ruwa. Ta zura musu baƙaƙen riguna ta miƙa ta taga. A ɗakin shan kofi in abokan aiki suka fara hirar wane ya ji sauƙi, wance ta ƙara rauni, sai ta ɗauki kofinta ta fita, don haka doka ta ce. Shekara shida tana wannan fitar, ba ta taɓa jin ta yi mata ciwo ba sai makon nan.

Da yamma ta koma ɗakinta na haya, ta ci burodi da cuku a tsaye. Uwarta ta rasu, ƙanwarta tana can kudu da 'ya'yanta. Ko da suna kusa ma, me za ta ce musu? Damuwar kowa tana raguwa in ya faɗa wa wani, ita tata faɗar ce laifin. Suwaitar da Gudrun ta saƙa tana rataye a bayan ƙofa, ta kasa sawa, ta kasa ɓoyewa.

Ranar Alhamis likita Sverre ya kira ta ofishinsa. Shi ne shugaban gwajin, mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, mai tsabta har ta yi yawa, wanda ko fensir ɗinsa a jere suke. Sau biyu yana gayyatarta cin abinci a bara, sau biyu tana ce masa tana da aiki.

"Zauna, Torunn. Takardarki ta dawo daga birnin Trondheim."

"Wace takarda?"

"Kin manta? Shugabar nas-nas ɗin bincike ta arewa gaba ɗaya. Asibiti biyar, nas talatin a ƙarƙashinki, ke za ki riƙa horar da sababbi. Sun ce digirinki na biyu da rahotannin masu duba aiki sun isa. Shekara shida ba a taɓa samun kuskure ɗaya a fayil ɗinki ba. Sabuwar shekara za ki fara, in kin amsa."

Wannan kujerar ita ta hana ta hutun ƙarshen mako shekara uku tana karatu. Yau ga ta an miƙo mata, ta ji kamar an ba ta ruwa bayan ƙishin ya wuce.

Sverre ya dubi hannunta na dama, inda zoben ya bar farin zane.

"Na ga babu shi," ya ce. "Ba zan tambayi dalili ba, na iya lissafi. Matar Oddvar ta kira ni sau huɗu jiya." Ya gyara fensir ɗin da ba abin da ya same shi. "Ni ma Trondheim zan koma in gwajin nan ya ƙare. Ban iya daɗin baki ba, kin sani. Ba ni da jirgi, ba ni da uwa mai saƙa suwaita. Amma abu ɗaya zan iya yi miki alkawari. Duk faɗin ƙasar nan ni kaɗai ne namijin da ba zai taɓa tambayarki abin da ke cikin leda ba. An ma hana ni sani."

Ta yi wata 'yar dariya da ta fi kama da tari.

"Sverre, wannan neman aure ne ko takardar ɗaukar aiki?"

"Duka biyun. Ki yi tunani."

Ta fito tana jin haushin kanta, don maganar ta shige ta. Gida inda ba wanda zai riƙa leƙen fuskarta, inda za ta yi kuka a ɗauka albasa ce. Sai dai da ta rufe ido, ba fensir take gani ba, tafin hannun Halvard take gani a buɗe.

*

Juma'a ƙarfe goma ne lokacin ƙarin ruwan Oddvar.

Tun ƙarfe tara Torunn ke addu'a a ranta kada ya zo. Allah ka sa suna hanyar Sweden. Ba ta san ko can ɗin alheri ba ne, amma ko ba komai ba ruwan gishiri ba ne. Addu'ar da bai kamata nas irinta ta yi ba ke nan, ta sani, ta kuma yi.

Goma saura biyar ta fito da tiren ledojin wasu. Sai ta ji muryar da ta sani.

"Ragna, yau ki nemi jijiya mai kyau, ta makon jiya ta yi yaji!"

Oddvar ne, yana dogara sanda, an taje masa gashi. Gudrun na riƙe da gwiwar hannunsa. Halvard na biye da su da jakar abinci, fuskarsa a washe kamar wanda aka yi wa albishir.

Torunn ta nemi wuri ta ajiye tiren.

Gudrun ta saki mijinta ta nufo ta kai tsaye. Torunn ta daure, tana jiran zagi. Sai ji ta yi an rungume ta, ƙamshin waina da sabulu ya cika mata hanci.

"Ki yafe mini, 'yata," tsohuwar ta raɗa mata. "Tsufa ne da tsoro. Kada ki ce komai, mun gane."

Ta sake ta, ta bi mijinta ciki tana share ido.

Halvard ya jawo ta gefen taga, inda injin kofi yake.

"Kwana huɗu ban yi barci ba," ya ce. "Ina ta juya abin a raina. Sai jiya na ce wa Mama, ku tsaya, wai wace Torunn muke magana? Yarinyar da ta yi kuka ranar da tsuntsu ya bugi gilashin jirgina ya mutu? Ta ga cokali ya faɗi daga hannun Baba, ta ga na tsaya ina kuka, na karɓe zobena, ko ɗigon hawaye babu. Da ruwan gishiri ne, Torunn, da ba ki iya ba. Na san zuciyarki. Hankalinki a kwance yake saboda kin san yana samun na gaske."

Baranda ta juya mata.

"Halvard, ban gaya maka komai ba."

"Na sani mana! Ba ki faɗa ba, ko a gaban wa zan shaida."

"Ka saurare ni. Fuskata ba amsa ba ce. Haka zan yi ko mene ne a ciki. Ku yanke shawara kamar ba ku taɓa sanina ba. Har yanzu goma da minti biyar, kuna da lokaci, ku shiga wajen Sverre ku..."

Ta tsaya. Kalma ɗaya in ta ƙara, ko muryarta ta ɗan yi rawa, ta faɗa ke nan.

Halvard ya yi dariya, ya shafa kumatunta.

"Ji ta, rediyon Mama. Ya isa haka, kin yi aikinki. Tun jiya da yamma muka kira Sweden muka ce mun gode. Har sun ba wani mutumin garin Kiruna gurbin."

Ya laluba aljihu ya ciro zoben. Ya kamo hannunta na dama, ya zura shi a hankali, ya zauna daidai kan farin zanen.

"Mama ta ce watan Yuni, a cocin tsibiri. Baba ya rantse shi zai riƙo hannunki ya shigo da ke, tunda naki uban ba ya raye. Ya ce zuwa lokacin maganin ya gama kama jikinsa."

Ta gilashin ƙofa tana hango Ragna ta rataye baƙar ledar a jikin ƙarfe, ta buɗe maƙunnin. Oddvar ya hango ta, ya ɗaga mata hannun da ke rawa. Ta ɗaga masa nata.

A shafi na goma sha uku na takardar da ta karanta wa tsohon da bakinta, an rubuta cewa in gwaji ya ƙare, za a aika wa kowane majiyyaci wasiƙa har gida, a gaya masa abin da aka riƙa ba shi. Gwajin zai ƙare ƙarshen Afrilu. Wasiƙun kan fita cikin Mayu.

"Ba ki ce komai ba," Halvard ya ce yana leƙen fuskarta. "Ba ki yi murna ba ne?"

Hawayen da ta riƙe a gabansa ranar Lahadi suka ɓalle gaba ɗaya, har ta kasa tsayuwa sai da ya tare ta.

"Yi kukanki, masoyiyata," ya ce yana bubbuga bayanta. "Yanzu kam na san na daɗi ne."